Samois-sur-Seine, Ƙauyen da Django Reinhardt Ya Ƙare Rayuwarsa

Aiki ne ya kai ni Paris a ƙarshen watan Yuni, amma tun kafin in bar gida na riga na ƙudura a raina cewa ba zan dawo ba sai na taka ƙauyen Samois-sur-Seine, inda makaɗin jita Django Reinhardt ya yi shekarunsa na ƙarshe, inda kuma aka binne shi a 1953. Na daɗe ina sauraron kiɗansa. Wani abokina ɗan Damagaram, wanda karatu ya kai shi Faransa har zama ya kama shi a can, shi ne ya fara ba ni faifansa shekaru masu yawa da suka wuce, shi ne kuma ya zama mini ɗan jagora da tafinta a wannan tafiya, da yake ba na jin Faransanci.

Baƙaƙen fatan Amurka ne suka ƙirƙiro kiɗan jaz, a birnin New Orleans da kewayensa, kuma an daɗe ana ganin mutanen Turai ba su da abin yi a cikinsa sai kwaikwayo. Django yana cikin na farko-farkon 'yan Turai da su kansu masu abin suka sallama wa. An haife shi ranar 23 ga Janairu 1910 a Liberchies ta ƙasar Beljiyam, a cikin iyalin Manush, wato wani reshe na al'ummar Roma, mutanen da kakanninsu suka baro arewacin Indiya ƙarnuka da dama da suka shuɗe, suka yi ta ƙaura har suka bazu a Turai. Ya tashi a sansanonin da ke bakin ƙofofin Paris, bai zauna a aji ba yadda ya kamata, bai kuma taɓa iya karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ya koyi komai, kuma tun yana ɗan saurayi ya fara kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, a bayan masu akodiyan a gidajen rawa na talakawan birnin.

Kafin mu nufi Samois, abokina ya ce lalle sai mun fara tsayawa a gidan adana kayan kiɗa da ke Cité de la Musique, a arewa maso gabashin Paris, domin a nan jitar Django take. Mun same ta a cikin akwatin gilashi. Ƙirar kamfanin Selmer ce, mai lamba 503, tsirkiyoyinta na ƙarfe, ramin cikinta ɗan ƙarami mai siffar ƙwai. Wani Ba'italiye mai suna Mario Maccaferri ne ya fara tsara wa kamfanin irin wannan jita, kuma amfaninta shi ne ƙara, domin a wancan zamani makaɗi ba shi da lasifikar da za ta taimake shi a ɗakin da ya cika da masu rawa. Matarsa Naguine ce ta ba da ita kyauta a 1964. Wannan kyauta tana da nauyi idan aka tuna al'adar Manush, wadda a cikinta akan ƙona kayan mamaci ko a rabu da su, ba a ajiye su don ado, har sunansa ma dangi sukan daɗe ba su furta ba saboda girmamawa.

Na daɗe a tsaye ina duban wuyan jitar, inda yatsun hagu suke danne tsirkiya, saboda a nan labarin mutumin yake. A ƙarshen 1928, yana da shekara 18, gobara ta tashi cikin dare a amalanken da yake kwana da matarsa ta farko, irin amalanken nan mai rufi da doki ke ja, wanda shi ne ɗakinsu. Matar tana yin furannin sayarwa da wata irin roba mai saurin kama wuta, kyandir ya faɗa a kansu, kan ka ce kwabo wuta ta mamaye ko'ina. Sun tsira da rai, amma ƙafarsa ta dama da hannunsa na hagu sun ƙone ƙwarai. Likitoci suka ba da shawara a yanke ƙafar, ya ƙi. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya, kuma da ya warke sai ƙaramin yatsansa da wanda ke kusa da shi suka ƙandare, suka lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ga makaɗin jita wannan kusan ƙarshen sana'a ne, tun da yatsu huɗu ake rabawa aikin. Ƙanensa Joseph ya kawo masa jita yana kwance, shi kuwa ya zauna ya sake koyon kiɗa daga tushe da manuni da yatsan tsakiya. Maimakon ya baza yatsu a wuri ɗaya kamar yadda aka saba, sai ya riƙa zarya da hannun gaba ɗaya, sama da ƙasa a tsawon wuyan jitar, ƙandararrun yatsun kuma yana ɗora su a kan siraran tsirkiyoyi idan yana son haɗa sauti da yawa a lokaci guda. Salon da duniya ta san shi da shi daga wannan lalura ya fito. A 1934 shi da gwanin gogen Turawa Stéphane Grappelli suka kafa Quintette du Hot Club de France, ƙungiyar mutum biyar da babu ganga ko ƙaho a cikinta: jita uku, goge ɗaya, da babban gogen nan mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa.

Duk da haka na fita daga gidan adana kayan ban gamsu ba. An kula da jitar, an kuma girmama ta, amma kayan kiɗan da ba a taɓawa ba ya gaya maka komai game da mai shi.

Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Gare de Lyon zuwa Fontainebleau-Avon, tafiyar kamar minti 40 kudu maso gabas da Paris. Daga tashar zuwa Samois 'yan kilomitoci ne, hanyar tana bin gefen dajin Fontainebleau, inda sarakunan Faransa suke farauta a da. Ƙauyen kashi biyu ne: na kan tudu, inda coci da kantuna suke, da na gangare, wanda ya jeru a bakin kogin Seine. Gidajen na dutse ne, lungunan ƙunci gare su, furanni sun hau katangu. Da muka gangara layin da ake kira Bas-Samois sai ga gidan, ɗan madaidaici, da allo a jikin bangonsa da ke shaida cewa a nan ya zauna. Da ba don allon ba da mun wuce ba mu lura ba.

A 1951 ya tare a nan da Naguine da ɗansu Babik. Mutumin da aka haifa a kan hanya, wanda aka san shi da barin masu sauraro suna jira a zauren wasa idan ransa bai so ba, shi ne ya zo ya kama gida a wannan wuri mai sanyin rai. Yakan ɗauki fatsa ya tafi kamun kifi a kogin, yakan yi zane da fenti, yakan zauna hira a shagon shayi na bakin ruwa, idan aiki ya taso ya hau jirgi ya je Paris ya yi wasa ya dawo. Mun zauna a kan dakalin bakin kogin muna kallon manyan jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali, na kuma fahimci abin da ya riƙe shi a nan, domin wuri ne da mutum zai zauna amma idonsa kullum yana kan abin da ke tafiya. A nan ne, a tsakiyar watan Mayu 1953, jini ya tsinke masa a ƙwaƙwalwa ya yanke jiki ya faɗi. An kai shi asibiti a Fontainebleau, ranar 16 ga wata rai ya yi halinsa, yana da shekara 43.

Maƙabartar tana kan tudu, a gefen ƙauyen. Ba mu sha wahalar gano kabarin ba, saboda mun tarar da mutane a tsaye a wurin. Kabarin iyali ne, ba shi da wani girma da ya fi na maƙwabtansa, kuma ƙanensa Joseph da ɗansa Babik, wanda shi ma makaɗin jita ne, a wannan maƙabarta aka binne su. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙananan abubuwan kaɗa tsirkiya da baƙi suka ajiye a kan dutsen, masu launi iri-iri, wasu sababbi, wasu gefensu ya cinye saboda aiki. Wani dattijo mai farin gashi, da hularsa a hannu, ya durƙusa ya share busasshen ganye daga kan dutsen da tafin hannunsa, ya gyara zaman wata tukunyar fure da iska ta karkatar, sa'an nan ya miƙe ya ja da baya. Wasu samari biyu da suka zo da jita suka tsaya daga gefe suka kaɗa "Nuages", kiɗan da Django ya fitar a 1940, wanda mutanen Paris suka rungume shi a lokacin da birninsu yake hannun sojan Jamus. Ni da na tashi a inda ba a haɗa kiɗa da kushewa, da fari abin ya yi mini banbaraƙwai. Amma na dubi fuskokinsu na ga babu wasa a ciki. Sun yi abin da suka san shi ne girmamawa, suka gama, babu wanda ya tafa, kowa ya kama gabansa.

A tsakiyar kogin, daura da gangaren ƙauyen, akwai ɗan tsibiri mai suna Île du Berceau, ana shiga ta kan wata 'yar gada. A nan aka fara taron tunawa da shi a 1968, shekara 15 bayan mutuwarsa, daga baya taron ya zama bikin shekara-shekara da ake zuwa daga ƙasashe masu nisa. Tsibirin ya yi wa taron kaɗan, ga kuma barazanar ambaliya, don haka a 'yan shekarun nan aka mayar da babban dandalin Fontainebleau, kusa da fadar sarakunan da. Mun sayi tikiti mun shiga da yamma. Makaɗan gwanaye ne, sautin yana fita tas, jama'a sun cika fili, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Sai dai abin da ba zan manta ba a wani wuri na same shi. A ƙetaren kogin akwai garin Samoreau, inda ake da filin kafa tanti, kuma a makon bikin nan ne makaɗa suke sauka, Manush da waɗanda ba Manush ba, daga Faransa da Jamus da Holan da Ingila, har da Amurka. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka da sauran haske muka isa. Tun daga ƙofa kiɗa yake tarye mutum ta ko'ina. Kowace bishiya da da'irar mutane a ƙarƙashinta, a kan kujerun roba da akwatunan lemo, babu dandali, babu lasifika, babu mai karɓar kuɗi. Wanda ya zo da jitarsa sai ya tsaya daga baya yana bi a hankali, in an ga hannunsa ya faɗa sai a matsa masa wuri.

Mun tsaya a wata da'ira da ke gefen wata motar da aka mai da ita ɗaki. Wani dattijo mai kauri, da zobba a yatsunsa, yana zaune gwiwa da gwiwa da wani yaro da bai wuce shekara goma ba, jikansa ne kamar yadda aka gaya wa abokina. Yaron yana yin bugun rakiya, wanda suke kira famfo, wato bugun da ke maye gurbin ganga a wannan kiɗa: hannun dama yana sauka a kan tsirkiyoyi sau huɗu, na biyu da na huɗu sun fi kaifi, hannun hagu kuma yana saki da sauri don kada sautin ya ja. Yaron yana da sauri, amma yana gaggawa. Dattijon bai ce masa uffan ba. Ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun yaron, ya ɗan girgiza shi har ya saki jiki, ya lanƙwasa shi yadda ba zai taɓa fuskar jitar ba, sa'an nan ya fara buga ƙafarsa a ƙasa. Yaron ya bi ƙafar. Da bugun ya zauna daram sai dattijon ya ɗauki tasa jitar ya hau kai, yatsunsa suna gudu tun daga ƙasan wuya har sama, kuma a daidai nan tsigar jikina ta tashi, domin abin da na daɗe ina ji a tsofaffin faifai masu ƙarar tsatsa shi ne nake ji a gabana, daga hannun mai rai. Wata mata ta fito daga motar ta miƙo mana gahawa a ƙananan kofuna, ba ta tambayi ko mu su wane ne ba. Ta wannan hanya, daga kaka zuwa jika, aka samu irin su Biréli Lagrène da Stochelo Rosenberg da Angelo Debarre, waɗanda suke riƙe da wannan kiɗa a yau. A ganina nan ne ainihin wurin da ake tunawa da Django, fiye da allon bango da akwatin gilashi.

Ina zaune a cikinsu na kasa raba jin daɗin da tunanin abin da aka yi wa waɗannan mutane. Tun 1912 dokar Faransa ta tilasta wa masu yawo irinsu riƙe wani littafin shaida mai ɗauke da hotonsu da zanen yatsunsu da awon jikinsu, wanda sai an buga masa hatimi a duk garin da suka sauka, kamar masu laifi. A watan Afrilu 1940 aka hana su yawo gaba ɗaya, daga nan aka tsare dubbansu a sansanoni irin na Montreuil-Bellay, wasu ba a sake su ba sai 1946, bayan an gama yaƙin duniya na biyu. A sauran ƙasashen da 'yan Nazi suka mamaye kuwa, an kashe 'yan Roma dubban ɗaruruwa. A daidai waɗannan shekaru Django shi ne tauraron Paris, zaurukan wasa suna cika saboda shi, har da hafsoshin Jamus a cikin masu sauraro. Yaƙin ya tarar da ƙungiyarsu a Ingila a 1939, Grappelli ya zauna a can, shi ya komo. Ya san a bakin rami yake tsaye, shi ya sa a 1943 ya yi yunƙurin tsallakawa Suwizalan da iyalinsa, aka mayar da shi daga kan iyaka. Kiɗansa ne ya tsare masa rai, alhali danginsa da ba su da irin baiwarsa suna bayan waya. Sai a 2016 shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, ya je Montreuil-Bellay ya amsa cewa ƙasar tana da alhaki a tsarewar, takardun yawon da suka gaji littafin 1912 kuma sai a 2017 aka soke su. Har yau, ko da yake doka ta wajabta wa garuruwan da suka haura mutum 5,000 tanadin filin sauka ga masu yawo, da yawa ba su yi ba.

Da na faɗa wa abokina abin da ke raina, sai ya ce, "Malam, ai mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu." Gaskiya ya faɗa. Mun san gidajen da za a kira makaɗi ya raya musu biki, a yi masa liƙi har ƙasa ta rufe, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure a gidan sai a tuna asalinsa. Ina ganin duk wanda ya ce yana ƙaunar Django, bai kamata ƙaunar ta tsaya a yatsunsa biyu ba, ta kasa kai wa ga matar da ta ba mu gahawa da yaron da ake gyara wa hannu.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi a Samoreau wanda ya ɗan dame ni. Kusan duk da'irar da muka tsaya, Django na shekarun 1930 ake kaɗawa, har akwai masu lafiyayyun yatsu da suke naɗe biyu don su yi kama da shi. Na fahimci ƙaunar da ke sa su haka, amma shi kansa bai tsaya a nan ba. Tun 1937 ya yi faifai a Paris da manyan Amurkawa irin su Coleman Hawkins da Benny Carter. A 1946 ya je Amurka ya zaga da ƙungiyar Duke Ellington, suka yi wasa har a Carnegie Hall ta New York, a can kuma ya riƙe jita mai amfani da lantarki. Tafiyar ba ta ba shi abin da ya sa rai ba, ya dawo da ɓacin rai, har ya yi wani lokaci ya fi ba zane muhimmanci. Amma kunnensa ya kama sabon salon jaz da Amurkawa Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka zo da shi, kuma a shekarun da ya yi a Samois ya koma wasa da samarin da suka tashi a kan wannan salo, a kulob ɗin Saint-Germain na Paris. Wanda ya saurari faifansa na 1953 zai ji wani mutum dabam: sautin ya yi kauri, gudun ya ragu, yana barin sarari tsakanin jimla da jimla, kamar wanda ya daina buƙatar ya burge kowa.

A kan wannan muka yi ta muhawara da abokina a hanyarmu ta komawa tasha cikin dare. Shi yana ganin faifan da aka yi tare da Grappelli kafin yaƙi su ne ƙololuwa, kuma lantarki ya rage wa jitar zaƙi. Ni kuwa na fi karkata ga na ƙarshen, ina kuma ganin ba a yi musu adalci ba, ko a wurin masoyansa. Zamansa na ƙarshe a ɗakin ɗaukar faifai ya yi shi ne a Paris a watan Afrilu 1953, tare da wani matashin makaɗin piyano haifaffen Aljeriya, Martial Solal, wanda a lokacin bai yi suna ba, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jaz na Turai. Tsakanin wannan zama da mutuwar Django bai kai mako shida ba.